Intanet A Ƙasar Katagum: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

A ranar 20 ga watan Janairu na shekarar 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba kamfanonin waya izinin ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bisa sharaɗin cewa za su gyara aikinsu yadda jama'a za su gani a ƙasa. An yi ƙarin, jama'a kuwa suka biya, don ba su da wata makawa. Abin da ya rage shi ne a auna gyaran da aka yi alkawari, kuma idan ana son ma'auni na gaskiya, to, sai a bar Ikko da Abuja a nufi garuruwa irin su Itas, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta Jihar Bauci, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 200,000.

Mai karatu yana iya tambaya, shin wane ne ke zaune a wannan yanki da har abincinsa zai rataya ga intanet? Suna da yawa, kuma kullum ƙaruwa suke yi. A Gadau akwai jami'ar da gwamnatin jiha ta kafa a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. A Azare, babban birnin ƙasar Katagum, akwai babban asibitin tarayya, da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, da kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya wadda aka kafa a 2021. Malaman waɗannan wurare sukan koma gida da aiki: shigar da sakamakon ɗalibai, aika maƙala zuwa mujalla, halartar taro ta bidiyo, al'adar da ta kafu tun lokacin kullen korona na 2020. Ban da su akwai samarin da suka mai da zaure ko shagon ƙofar gida ofis, suna cike wa mutane takardun neman aiki, da rajistar bautar ƙasa, da neman bashin karatu wanda aka buɗe a 2024, duka ta intanet. Akwai matan aure masu tallar atamfa da turaren wuta ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙofar gida ba, ga kuma mai na'urar POS wanda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya mai da shi bankin ƙauye. Duk waɗannan, in sabis ya ɗauke, kasuwarsu ta tashi.

Kukan da aka fi ji a bakinsu shi ne intanet ba ya sauri. Amma idan aka natsu aka duba, za a ga ciwon da ya fi damunsu rashin ɗorewa ne. Taro ta bidiyo bai bukatar fiye da megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa, cike takarda kuwa bai ma kai haka ba, kuma layin 4G mai lafiya yana ba da ninkin wannan. Abin da ke kashe aiki shi ne a kai tsakiyar biyan kuɗi layi ya yanke, a cire kuɗin takarda ba ta fito ba, ko malami ya fara magana a taro muryarsa ta tsinke. Layin da zai ba da megabit 5 daga safe har dare ya fi amfani ga mai aiki a gida bisa ga wanda zai ba da 40 da asuba ya koma sifili da magariba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin shi ne zai nuna wa mutum inda ya kamata ya zuba ɗan kuɗin da yake da shi.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, ya kamata a bi hanyar da saƙo yake bi. Daga kwamfuta yakan tafi na'urar rarraba intanet da ake kira rauta, daga rauta zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ko dai ya shiga wayar faiba da aka binne a ƙasa, wadda zaren gilashi ne da ke ɗaukar saƙo da haske, ko kuma a yi ta miƙa shi ta iska daga wannan ƙarfe zuwa wancan ta waɗannan farantai masu kama da ganga da ake gani maƙale a jikin ƙarafan, har ya isa inda faiba take. Sa'an nan ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Ikko, inda mafi yawan manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka. Kowace gaɓa ta wannan tafiya tana da nata ciwo, kuma gaɓa biyu na farko ne kaɗai ke hannun mai gida.

A bakin teku babu ƙaranci. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 suka biyo baya a 2010, WACS da ACE a 2012, wayar Equiano ta kamfanin Google ta sauka Ikko a 2022, sai 2Africa a 2024. Abin da waɗannan wayoyi za su iya ɗauka ya zarce abin da ƙasar nan ke amfani da shi nesa ba kusa ba. Ko da yake su ma sukan yi tuntuɓe, kamar yadda aka gani a ranar 14 ga Maris na 2024 sa'ad da huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa har bankuna suka tsaya cik, amma wannan ba abin kullum ba ne. Rijiya dai ta bayar. Guga ne ya hana, gugan kuwa shi ne wayar da za ta ɗauko wannan arziki daga gaɓar teku ta kai shi ƙasar Katagum.

Gwamnatin Tarayya da kanta ta ce faibar da ke binne a ƙasar nan ba ta wuce kilomita 35,000 ba, kuma bisa al'ada wayar takan bi manyan hanyoyi ne da manyan birane inda kamfani ke sa ran mai da kuɗinsa. Garin da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kamar Azare, ya fi kusa da samun rabo bisa ga garin da sai an ratse an shiga ciki. Shekara da shekaru babban abin da kamfanoni ke kuka da shi shi ne kuɗin izinin haƙa rami da jihohi ke karɓa. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsai da Naira 145 a kan kowace mita tun 2013, amma jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu suna karɓar dubbai, har sai da aka sake ta da maganar a 2020 zamanin da Isa Ali Pantami ke minista. A nan dole a yaba wa Bauci, domin a 2025 hukumar NCC ta ambace ta cikin jihohin da suka yafe wannan kuɗi baki ɗaya. Sai dai yafe kuɗin rami buɗe ƙofa ne kurum, bai tilasta wa kowa shiga ba, kuma kamfani bai binne waya don neman lada.

Inda kuma aka binne, ba a bar ta ta huta ba. Hukumar ta ce a 2024 kaɗai an yanke faiba fiye da sau 50,000, kuma kimanin 30,000 daga ciki aikin gina hanyoyi ne na tarayya da na jihohi ya jawo. Watau gwamnati da hannun dama tana roƙon a shimfiɗa waya, da hannun hagu kuma katafilar ɗan kwangilarta tana tumɓuke ta. A manyan birane wayar takan zagaya kamar zobe, in an yanke nan saƙo ya bi ta can. A ƙarshen layi kuwa, inda hanya ɗaya ce tak, yanka ɗaya ya isa ya rufe bakin garuruwa da dama, mutum yana ganin sandunan sabis cike a wayarsa amma ko saƙo ɗaya ba ya fita. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarni a 2024 wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da laifi ne a taɓa su, amma direban katafila bai san inda waya take ba in ba a nuna masa ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwar matsalolin. Jihar Bauci tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos tun da aka sayar da gadon NEPA a watan Nuwamba na 2013. Sa'ad da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi a Afrilun 2024 bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, ba da mutanen karkara aka yi wannan ciniki ba. Saboda haka ƙarfen sabis a irin waɗannan wurare da janareta da batir yake rayuwa, kuma masu harkar sun ce suna ƙona man gas fiye da lita miliyan 40 kowane wata a faɗin ƙasa. Ranar da motar mai ta makara, ko ɓarayi suka kwashe batir, ƙarfen ya yi shiru. A ƙarshen Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sa'an nan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako cikin duhu, kuma wanda ya ga yadda aka yi layi a wurin masu cajin waya a lokacin ya san intanet ɗan lantarki ne, in uba ya kwanta ɗa ba ya tashi.

To, mene ne ke hannun mai gida? Ba shi da yawa, amma yana da tasiri, in an bi shi bisa tsari.

Abu na farko da ya cancanci kuɗinsa shi ne wutar da ba ta yankewa ga rauta. Wannan na'ura ba ta cin fiye da wat 10 ko kusa da haka, kamar ƙwan fitila ɗaya na zamani, kuma ɗan ƙaramin batir da ake yi musamman dominta yana riƙe ta sa'o'i da dama. Duk lokacin da wuta ta ƙifta rauta ta mutu, sai ta ɗauki mintuna kafin ta sake kama ƙarfe, a nan ne taro ke tsinkewa, biyan kuɗi ya maƙale. Ƙaramin farantin sola da batir ɗaya sun isa su riƙe rauta da kwamfutar cinya yini guda. Tayar da janareta don wannan ɗan aiki kuwa asara ce tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Na biyu bai cin ko kwabo, shi ne wurin ajiye na'urar. Mutane da yawa sukan tura rauta ƙarƙashin tebur ko bayan talabijin don kada yara su taɓa, alhali rufin kwano yana mai da sigina baya, katangar bulo da kauri irin na ginin ƙasa suna shanye ta. Kamata ya yi mutum ya san ta wace kusurwa ƙarfen sabis yake, ya ɗora na'urar sama kusa da tagar da ke fuskantarsa, ya yi ta gwadawa da manhajar awo irin su Speedtest, da safe da rana da dare, har kwana uku ko huɗu, yana rubutawa. Sau da yawa tazarar kamu biyar tsakanin wannan kusurwa da waccan takan ninka abin da ake samu. Wanda gidansa ke nesa da ƙarfe yana iya sayen rauta mai karɓar eriyar waje, a kafa eriyar a kan dogon ƙarfe sama da rufi, kamar yadda aka saba yi wa talabijin a da, amma a haɗa ta da ƙasa saboda tsawa. Haka kuma a kula da zafi. A watan Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40 a wannan yanki, na'ura kuwa in ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, saboda haka taga mai inuwa ake so, ban da wadda rana ke dukanta.

A cikin ɗaki, in kwamfuta tana da ramin waya, a haɗa ta da rauta kai tsaye da waya, ya fi waifai tabbas. In ba hali, yawancin na'urorin yanzu suna da zango biyu, 2.4 da 5. Na farkon ya fi ratsa bango, na biyun ya fi sauri amma sai a kusa. Sa'an nan a sa kalmar sirri mai ƙarfi a riƙa sauya ta. Wannan magana tana da nauyi a gidan Bahaushe, inda hana maƙwabci ko ƙane lambar waifai yake kama da rowa, amma wayoyi goma suna kallon bidiyo a kan layi ɗaya, mai gida bai isa ya yi taro ba. Mafita ita ce a buɗe wa baƙi nasu zango a ƙayyade masa iyaka, kowa ya samu, zumunci bai ɓaci ba.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuma shawara ce mai kyau, sai dai tana da ƙarin bayani. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanoni irin su IHS suka koma haya, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da MTN da Airtel a kan ƙarfe ɗaya suna shan wutar janareta ɗaya. In man ya ƙare, tare za su yi shiru. Mai hankali sai ya lura a ranar da sabis ya ɗauke, wane layi ne ya tsira, wannan shi ne abokin tafiya na gaskiya, ko da ya fi sanyin gudu a sauran ranaku.

Akwai kuma lokaci. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake, ruwan da ke zuwa ɗaya ne, masu bokiti ne ke ƙaruwa. Daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare kowa ya kama waya, haka ma ranar kasuwa, ko lokacin rajistar ɗalibai a garin da ke da jami'a. Aiki mai nauyi, kamar aika babban fayil ko sabunta manhaja, bayan sallar asuba ya fi dacewa da shi.

Abin da bai kamata a yi gaggawar saye ba shi ne rautar 5G. An yi gwanjon lasisinta a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya Dala miliyan 273.6, MTN ya fara a 2022 da birane bakwai waɗanda Kano da Maiduguri ne kaɗai na can Arewa a cikinsu ban da Abuja, Airtel ya bi a 2023. Zangon da ake amfani da shi ba ya tafiya nesa, don haka a cikin manyan birane ake kafa shi. Wanda ya saya ya kai inda babu ƙarfenta, 4G ɗin da ya gudu ita zai tarar, ya yi sayen tsada a banza. A fara duba taswirar kamfani, a kuma ari ta wani a gwada a cikin ɗakin da za a yi aikin.

Hanya ɗaya ce ta tsallake ƙarfe da faiba duka, ita ce tauraron ɗan Adam. Starlink na kamfanin SpaceX ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, maimakon 36,000 na tsofaffin taurari, shi ya sa magana ba ta jinkiri. Ga mutumin Itas wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sararin samaniyarsa daidai yake da na mutumin Ikoyi, har ma ya fi shi sarari. Amma kuɗin wata da yake Naira 38,000 a 2024 ya koma 57,000 a 2025, kayan kafawa kuwa sun kai 590,000 a 2024, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi aka tsai da shi a Naira 70,000 a Yulin wannan shekara. Faranti yana cin wat 50 zuwa 100, watau yana bukatar sola ta gaske, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan katse shi na ɗan lokaci. Ga malamai huɗu ko biyar da ke zaune a gidaje maƙwabtan juna, haɗa kuɗi yana iya biyan bukata. Ga mai cike takardu a zaure kuwa, ɗaukar Dala ba gammo ne.

Saboda haka magana ta koma kan hukuma. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin ɗari, da gudun megabit 25 a birane da 10 a karkara. Wa'adin ya cika adadin yana wajen kashi 50. Kafin shi an raba ƙasa shiyya-shiyya an ba wasu kamfanoni lasisin shimfiɗa faiba, shirin bai yi nisa ba. A watan Mayu na 2024 Majalisar Zartaswa ta amince da sabon aiki na kilomita 90,000 wanda aka ƙiyasta zai ci Dala biliyan 2 a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, kuma Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 500 dominsa a 2025. Akwai kuma shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774. Duka suna da kyau a takarda. Tambayar da wakilan Katagum a majalisun jiha da na tarayya ya kamata su riƙa yi a bainar jama'a ita ce, a taswirar wannan aiki, ina wayar za ta tsaya? In a bangon sakatariya za ta ƙare, a kulle ta a ofishin da ake tashi ƙarfe huɗu, to, mai zaure bai ƙaru da komai ba. Amfaninta shi ne ta isa gindin ƙarafan sabis, kuma a bar ƙananan kamfanoni su ja ta zuwa unguwanni bisa farashi ɗaya ga kowa.

Gwamnatin jiha tana da makamai biyu da ba su bukatar jiran Abuja. Jami'ar da ke Gadau tata ce, kuma babban mai sayen intanet ne wanda zai iya sa kamfani ya ga ribar jawo waya. In an ƙulla yarjejeniyar da sharaɗin cewa wayar za ta ciyar da ƙarafan da ke kan hanyarta har Itas, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na biyu, kowace kwangilar hanya da jiha za ta bayar a rubuta a ciki cewa ɗan kwangila zai binne bututun waya a gefe, zai kuma sanar da kamfanoni kafin ya sa katafila. Kuɗin bututu a lokacin da rami ke buɗe bai taka kara ya karya ba in aka gwada da fasa kwalta daga baya.

Su ma masu amfani da layi suna da haƙƙin da kaɗan ne suka san da shi. A 2025 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta da lokacin da ake sa ran gyara, su kuma biya diyya, kamar ƙarin kwanakin data, in katsewar ta wuce sa'a 24. Ƙa'ida ita ce a fara kai kuka ga kamfani a karɓi lambar ƙorafi, in ba a gamsu ba a kira 622, layin hukumar na kyauta. Ƙorafin mutum ɗaya da ya ce sabis ba kyau yakan ɓace a cikin dubbai. Takardar da ƙungiyar malamai ko ta masu POS ta Itas za ta rubuta, ɗauke da ranaku da sa'o'in da layi ya ɗauke cikin wata uku, da sunan unguwa da na kamfani, ita ce irin shaidar da hukumar za ta iya ɗora wa kamfani a tebur ta nemi bayani.